Waƙa a Bakin Mai Ita: Gadon Busar Algaitar Sikotilan a Ƙasashen Ƙetare

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon faretin sojan Birtaniya, ko a majigi ko a talabijin, da wuya a ce bai ga mabusan nan na Sikotilan ba, masu ɗaura zane mai ratsi-ratsi iya gwiwa, kowannensu ya maƙale salka a hammata, sanduna uku sun jingina a kafaɗarsa. Wannan abin busa shi za a kira algaitar salka a cikin wannan maƙala. Asalin irin wadda ake magana a kanta ƙasar tuddai ce ta arewacin Sikotilan, inda ake jin harshen Gelik, amma a yau mabusanta sun bazu a Kanada da Amurka da Ostareliya da Niyu Zilan da Faransa, har da Indiya da Pakistan da Jodan.

Abin tambaya shi ne, ta yaya sana'ar da aka sani da gado, uba ya koya wa ɗa baki da baki, ta ƙetare teku ba ta mutu ba? Me kuma ya zube a hanya? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, littafi da gasa sun yaɗa gwanintar yatsa ko'ina a duniya, amma abin da ya riƙe ran sana'ar shi ne bakin malami, da taron jama'ar da ake yi wa busar. Inda aka yi sakaci da waɗannan biyun, mabusa sun yawaita, busar kuwa ta koma iri ɗaya.

Siffar Algaitar

Kafin a shiga batun koyarwa ya kamata a san yadda abin yake aiki, domin daga siffarsa ne wahalar koyar da shi ta taso. Salkar ta fatar tunkiya ce ko ta saniya, ko da yake yanzu akwai ta yadin zamani. Mabushi yana hura mata iska ta wani ɗan bututu, yana matsa ta da hannu, iskar tana fita ta kafa huɗu. Uku daga ciki su ne sandunan kafaɗa, waɗanda ba su da aiki sai gunji da murya ɗaya daga farkon busa har ƙarshenta. Ta huɗun ita ce ainihin algaitar, mai huda takwas, bakwai a gaba, ɗaya a baya, da ɗan harshe na kara mai ninki biyu irin na algaitar Hausa. Muryoyi tara kacal take bayarwa. Itacen da aka fi sassaƙa ta da shi baƙin itace ne da ake sarowa daga Tanzaniya da Mozambik. Aikin da kumatun mai algaitar fada suke yi, watau ajiye iska don kada busa ta yanke sa'ad da yake shaƙar numfashi, shi ne salkar take yi wa mabushin Sikotilan.

Saboda haka sautin ba ya tsayawa, ba a kuma iya ƙarfafa shi ko a sassauta shi. Mabushi ba shi da ikon yin shiru tsakanin murya da murya. Gwanintarsa duka ta tattaru a abu biyu: ƙananan ƙyafce-ƙyafcen yatsa da yake raba muryoyi da su, da kuma tsawon lokacin da yake ba kowace murya, ya ja wannan, ya datse waccan. Na farkon ana iya rubuta shi a takarda ba tare da hasara mai yawa ba. Na biyun kuwa alƙalami bai taɓa kama shi sosai ba.

Busar kanta iri biyu ce. Akwai ƙaramar busa, ta maci da ta rawa. Akwai kuma babbar busa wadda ake kira fibrok, watau taken jinjina ga shugaba, ko na makoki, ko na gangamin yaƙi. Fibrok yana farawa da gindin take a hankali, sa'an nan a yi ta juya shi ana ƙara masa ado, har a komo kan gindin. Take guda yakan ci minti goma ko fiye, kuma da ka ake busa shi.

Koyarwar Gargajiya

A zamanin da shugabannin dangi suke mulkin tuddai, busa aikin gado ne. Gidan MacCrimmon su ne mabusan shugabannin MacLeod na Dunvegan a tsibirin Skye, gidan Rankin na shugabannin MacLean, gidan MacKay kuma na masu Gairloch. Akan ba mabushi gona wadda ba ya biyan haya a kanta, shi kuwa ya yi busa, ya horar da magaji. Labarin baka ya ce gidan MacCrimmon sun riƙe makaranta a ƙauyen Boreraig, inda wasu shugabanni suke aiko da yaransu su yi shekara bakwai suna koyo.

Hanyar koyarwarsu sunanta kantarak, kalmar Gelik mai ma'anar rerawa. Malami yakan rera wa almajiri taken da baki, da wasu gaɓoɓi waɗanda ba su da ma'ana a harshe amma suna da ma'ana a yatsa. Wasali yana wakiltar murya, baƙi yana wakiltar adon da yatsa zai yi. Almajiri ya yi ta maimaitawa har taken ya zauna a ƙirjinsa, sa'an nan ya neme shi a kan hudojin algaita. Ɗalibin kiɗan Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ɗan makaɗi ma yakan riƙe take ta hanyar maganar da ganga take faɗa. Bambancin kawai shi ne maganar gangar Hausa zance ce mai ma'ana.

Fa'idar kantarak ita ce muryar ɗan'adam tana iya abin da algaitar ba ta iyawa: tana ƙarfi, tana sanyi, tana jan numfashi. Ta haka almajiri yake jin inda jimlar kiɗa ta fara, da inda nauyinta yake, da inda ta sauka. Da ya ɗauki algaita, sai ya nemi yadda zai nuna wannan nauyi da ja da datsewa kaɗai. Wanda bai taɓa jin rerawar ba yana iya buga kowace murya daidai, amma mai sauraro ya rasa inda zancen ya dosa.

Shigowar Alƙalami da Gasa

Yaƙin Culloden na 1746 ya karya ƙarfin shugabannin dangi. An daɗe ana cewa gwamnati ta haramta busa bayan yaƙin, amma masanin tarihi John Gibson ya nuna a littafinsa na 1998 cewa dokar ta hana makamai ne da tufafin tuddai, ba ta ambaci algaita ba. Abin da ya rushe gidajen gado sauyin arziki ne. Shugabanni sun rikiɗe sun zama masu ba da hayar ƙasa, suka fi bukatar kuɗi da tumaki a kan mabusa da talakawa.

Waɗanda suka tashi ceton busar attajirai ne da hafsoshin soja. Ƙungiyarsu ta Mutanen Tuddai da ke London ta shirya gasar farko a garin Falkirk a 1781, ta kuma riƙa ba da lada ga wanda ya rubuta take da rubutun kiɗa na Turai, mai layi biyar da ɗige-ɗige. A 1838 Angus MacKay ya buga littafi mai take 61, a 1843 kuma ya zama mabushin Sarauniya Victoria, littafinsa ya zama abin dogaro ga na baya. Kafin wannan, wani mabushi mai suna Colin Campbell ya riga ya rubuta take fiye da 160 da gaɓoɓin kantarak, a kundin da juzu'insa na farko yake ɗauke da shekarar 1797. Da aka kawo irin wannan kundi gaban alƙalan gasa a Edinburgh, sai suka kasa gane ko mene ne. Ashe tun daga farko masu hukunci ba su ji harshen waɗanda suke yi wa hukunci ba. A farkon ƙarni na 20 aka kafa Ƙungiyar Fibrok, wadda ta riƙa buga littattafai, tana kuma zaɓen taken da za a busa a manyan gasa kowace shekara.

Hanya ta Farko: Bariki da Makaranta

Ta hanya biyu busar ta bar gida. Ta farko ita ce ta soja. A 1854 rundunar Birtaniya ta amince da mabusa a cikin bataliyoyin tuddai, aka haɗa su da masu ganga, aka sami badujalar da aka sani a yau. Duk inda mulkin mallaka ya kafa bariki, ko Birtaniya ta horar wa wata ƙasa soja, algaitar ta bi, har garin Sialkot na Pakistan ya zama babbar cibiyar ƙera ta. Ajin mabusan soja da aka buɗe a 1910 daga baya ya zauna a tsohuwar ganuwar Edinburgh, inda Willie Ross ya koyar kusan shekara 40, almajiransa suka watsu cikin ƙasashe da salo ɗaya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu farar hula suka karɓi aikin. Kwalejin Busa ta Glasgow, wadda aka kafa a 1944, ta fitar da littafin koyo a 1953 wanda ake kira koren littafi, kuma da shi dubban masu koyo a ƙetare suka fara. Tsarin a bayyane yake. Yaro yana farawa da 'yar algaitar koyo mara salka, mai siririyar murya, ya yi watanni yana horar da yatsu yana koyon karatun ɗige-ɗige. Daga nan a ba shi salka, ya shiga ƙungiya, ya riƙa hawa gasa aji-aji har ya kai aji na ɗaya. Malaman Sikotilan sukan tafi Kanada da Amurka lokacin hutu su koyar na mako ɗaya ko biyu, wasu ma suka ƙaura gaba ɗaya, kamar John Wilson wanda ya koma Toronto a 1949.

Babu mai musun cewa wannan hanya ta yi albarka. A 1958 Lewis Turrell na Niyu Zilan ya ci lambar zinariya ta fibrok a Inverness. A 1977 Bill Livingstone na Kanada, wanda ya yi karatu a wurin Wilson, ya ci ita wannan lamba, a 1987 kuma ƙungiyar da yake shugabanta, 78th Fraser Highlanders, ta zama ta farko daga wajen Sikotilan da ta ci gasar duniya. Ƙungiyar Jami'ar Simon Fraser ta Kanada ta ci gasar sau shida tsakanin 1995 da 2009, ta 'yan sandan Victoria na Ostareliya ta ci a 1998. A Amurka kuwa Jami'ar Carnegie Mellon ta buɗe karatun digiri a kan busar a wajajen 1990.

Hanya ta Biyu: Kayan 'Yan Ƙaura

Hanya ta biyu ba ta da bariki, ba ta da littafi. Talakawan da talauci da hayar ƙasa suka kora daga tuddai sun tafi da busarsu a ka. Jirgin ruwa mai suna Hector ya sauke kusan mutum 200 a Pictou, cikin lardin Nova Scotia na Kanada, a 1773. A 1805 John Roy MacKay, magajin gidan mabusan Gairloch, ya bi su can. Tsibirin Cape Breton na wannan lardi ya cika da masu jin Gelik, ƙauye-ƙauye, dangi-dangi, kamar yadda suke a gida.

A waɗannan ƙauyuka, kamar yadda binciken Gibson da na Barry Shears suka nuna, mabushi da kunne yake koyo. Sau da yawa uwa ko kaka ce take rera masa taken da baki tana aikin gida, ko da ita ba ta taɓa riƙe algaita ba. Idan ya girma, a wurin biki yake busa, sau da yawa a zaune, yana buga ƙafa biyu a ƙasa, masu rawa suna takawa a gabansa. Alƙalinsa shi ne ƙafar mai rawa; in karin ya karkace, nan take zai gani. Wannan salo na busar rawa ya daɗe a Cape Breton bayan ya dusashe a Sikotilan kanta.

Abin takaici shi ne hanya ta farko ce ta haɗiye ta biyu. Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun kai samarin tsibirin bariki, inda aka koya musu cewa yatsunsu ba daidai suke ba. Malaman da aka riƙa ɗaukowa daga Sikotilan da alƙalan gasa suka ɗora a kan haka. Gogen Turawa da fiyano suka ƙwace filin rawa, masu jin Gelik suka ragu daga dubbai masu yawa zuwa ɗaruruwa. Tsohon da ya gaji busa daga kakanni ya koma yana jin kunyar busa a gaban jikansa mai takardar shaida. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 aka farga. Mabusa daga Sikotilan, irin su Hamish Moore, suka je suka saurari 'yan tsirarun da suka rage, kamar Alex Currie wanda ya rasu a 1997. A 1996 aka buɗe makarantar hutu ta Ceòlas a tsibirin Uist ta Kudu, ana gayyato malaman kiɗa da rawa daga Cape Breton su koya wa mutanen gida abin da gida ya manta.

Riba da Hasara

Mai kare littafi da gasa yana da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Zai ce, ba don Angus MacKay da ire-irensa sun rubuta ba, da yawancin taken fibrok sun bi masu su kabari. Zai ce gasa ce ta ba yaron Vancouver dalilin yin shekara goma yana horo, ita ce kuma ta sa sautin algaitar ya gyaru. Duk wannan gaskiya ne. Sana'ar da ta rasa ubangida dole ta sami wani abin dogaro, gasa kuwa ta tsaya a matsayin ubangida.

Sai dai kowane ubangida yana da abin da yake so. Shugaban dangi yana son take mai motsa zuciyar mayaƙa, mai rawa yana son kari mai ɗaga ƙafa, alƙalin gasa kuwa yana neman kuskuren da zai rage maki da shi. Wanda ya yi tafiyar dubban mil don ya busa take ɗaya ba zai yi kasadar kawo salon kakansa ba. Zai busa abin da yake cikin littafin da ke gaban alƙali. Matsalar ta fi tsanani a ƙetare, domin baƙo kullum yana tsoron a ce nasa ba na asali ba ne, saboda haka yakan fi ɗan gida riƙo da harafin littafi. William Donaldson ya yi bayani a littafinsa na 2000 a kan yadda littattafan Ƙungiyar Fibrok suka taƙaita salailan da ake da su a da. Allan MacDonald kuma, a kundin digirinsa na Jami'ar Edinburgh na 1995, ya kawo hujjar cewa karin fibrok na zamani ya yi nisa da karin waƙoƙin Gelik waɗanda suke tushe ɗaya da shi.

Hujja mafi ƙarfi ma daga manyan malaman hanya ta farko ta fito. Robert Brown da Robert Nicol, mabusan gidan sarauta a Balmoral, waɗanda almajirai suke zuwa wurinsu daga ƙasashe masu nisa, da rerawa suke koyarwa. Donald MacLeod, wanda ya rasu a 1982, da ya so ya kai fibrok ga waɗanda ba su iya zuwa wurinsa, kaset ya cika da muryarsa, yana bayani, yana rerawa, yana busawa a 'yar algaitar koyo. Dukkansu sun iya karatun ɗige-ɗige sarai, amma sun san iyakarsa. Malaman da suke koyarwa ta intanet a yau su ma rerawa suke yi. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A wannan sana'a, a bakin mai ita kaɗai take cika.

Akwai kuma misalin Bretaniya ta arewa maso yammacin Faransa. Mutanen can sun ari algaitar Sikotilan a ƙarni na 20, suka haɗa ta da tasu algaitar mara salka da ganguna, suka kafa ƙungiyoyin da suke kira bagad. Sun koyi yatsa daga Sikotilan, amma taken rawarsu na gida suke busawa, a bukukuwansu. Su ma suna da gasa, sai dai ma'auninta nasu ne. Wannan ya nuna cewa ana iya aron kayan aiki da horo ba tare da an miƙa kunne gaba ɗaya ga alƙalin wata ƙasa ba.

Abin da Ya Kamata

Bisa ga waɗannan dalilai, ya kamata makarantun busa na ƙetare su sa rerawa a gaban karatu, yaro ya iya taken da baki kafin a nuna masa shi a takarda. Ya kamata alƙalan gasa su saba da jin salo fiye da ɗaya. Ƙungiyar Fibrok ta sanya tsofaffin kundaye a intanet, saboda haka uzurin rashin sani ya ƙare. Ya kamata a mayar da mai koyo filin biki da na makoki, inda busarsa take da aiki, don kada ya girma bai san mai sauraro ba sai alƙali. Inda kuma harshen Gelik yake da sauran numfashi, kamar Cape Breton wadda take da Kwalejin Gelik tun 1938, a koyar da waƙa da rawa da busa tare, tun da yake tare suka taso.

Kammalawa

Wannan labari na mutanen nesa ne, amma ba zai rasa amfani ga ɗalibin adabin baka ba. Shi ma aikinsa shi ne ɗaukar abin da yake a baki ya mayar da shi takarda. Yakan je wurin makaɗi ko mabushi, ya juyo baitoci, ya yi musu sharhi, a ɗaure kundi a ajiye a laburare. Aikin yana da kyau, amma abin da ya shiga kundin rabin kayan ne. Kari da amo da yadda tsoho yake gyara wa yaro kuskure suna nan a zauren da aka baro. Mutanen Sikotilan sun yi sa'a wasu 'yan'uwansu a hayin teku sun ajiye musu abin da suka yar, suka kuma isa wurin kafin tsofaffin su ƙare. Gidajen algaita da kakaki na fadojin ƙasar Hausa suna nan da ransu, 'ya'ya suna koyo a gaban iyaye. Wanda zai je bincike can, ya tafi da rakoda tare da alƙalami, ya kuma nemi izinin zama a lokacin da ake koyarwa, kada ya tsaya ga ranar hawan salla kaɗai.